Motar da ke warkewa a ƙofar gareji

Motata Toyota Camry ce ƙirar 2000, mai fulogi huɗu. 'Yar Kwatano ce, ta ci ƙuruciyarta a Amurka kafin ta zo hannuna. Kullum da safe ita ke fitar da ni daga Kakau, mu bi ta Gonin Gora, mu wuce Command, mu haye gada mu shiga cikin Kaduna, da yamma kuma ta dawo da ni. Shekaru muna haka ba ta taɓa kunyata ni ba, sai a bazarar 2024 ta tsiro da wani hali. Ina cikin tafiya in taka totur, sai in ji kamar an kama ta ta baya an riƙe. Ta yi tari sau biyu ko uku, ta saki jiki, can kuma ta fizga ta ci gaba kamar ba ita ba. Wani lokaci ta yi kwana huɗu lafiya lau. Ranar da na ware don kai ta gareji kuwa, garau take tashi, bakanike ya zaga da ita ya dawo ya miƙo mini makulli ya ce, “Oga, wannan motar ai ba abin da ke damunta.”

Wanda ke yawonsa cikin unguwa zai ɗauki wannan ƙaramin abu. Mu da gidajenmu ke bakin hanyar Abuja ba ma ɗaukarsa haka. Ka fito za ka wuce tirela, wata motar ta taho ta bayanka a guje, a daidai nan taka ta shaƙe: daƙiƙa uku sun isa a yi ta'aziyya. Sannan kowa a nan ya san abin da sunan Rijana da Katari ke tunawa matafiyi: masu garkuwa da mutane. Ba wanda ke son ya buɗe bonet a wannan hanya bayan magariba, ga mata da yara a kujerar baya. Akwai wata Juma'a da muka taso daga Jere da iyali, motar ta fara wannan tarin tun kafin Rijana. Ba wanda ya yi magana a cikin motar har muka hango fitilun Sabon Gayan. Uwar 'ya'yana salati kawai take yi ƙasa-ƙasa.

Wata uku na yi ina yawon gareji. Na farko ya ce fulogi ne, aka canja. Na biyu ya ce nozul ne suka toshe, aka kwance aka wanke. Na uku ya ɗaga kujerar baya ya ce famfon mai ne ya gaji, na sayi sabo aka sa, motar ta yi kusan mako guda kalau, har na yi sadaka, sai ciwon ya dawo yadda yake. Daga nan aka tura ni wajen mai kwamfuta. Ya jona na'urarsa a ƙarƙashin sitiyari, lambar P0171 ta fito, ya ce sensar oksijin ce, ya goge lambar, na biya kuɗin jonawa, na je na nemo sensa. Ba ta canja zani ba. Da na ji an fara cewa a fasa indomi, wato tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa, wani kuma ya ce birenbos, wato kwamfutar motar, ne ya taɓu, sai na ja birki.

Abin da nake so in faɗa ba zai yi wa masu mota daɗi ba, domin an saba a ɗora wa bakanike laifi a wuce. A cikin mutum biyar da suka taɓa motata ban ga wanda zan rantse ya yi niyyar cutata ba. Abin da na gani shi ne mu da kanmu muka tsara ciniki yadda canki-canka kaɗai ke kawo kuɗi. Bakanike ya ɓata awa uku yana aune-aune, ya gano cewa waya ɗaya ce ta saki, ya ɗaure ta: nawa za mu ba shi? Za mu ce, “Haba, ai ba abin da ka canja,” mu miƙa masa kuɗin ruwa. Amma ya kwance famfo ya sa wani, ko da na farkon lafiyarsa ƙalau, za mu biya kuɗin aiki ba musu, ga ɗan abin da zai samu a wajen mai sayar da kayan. Mun koya masa cewa tunaninsa ba shi da farashi, sifanarsa ce kawai ke da shi. To me zai sa ya zauna ya yi tunani, alhali yara huɗu na jiran kuɗin abinci a garejin, wasu bakunan kuma na jira a gida?

A asibiti ba ma haka. Muna biyan kuɗin ganin likita, mu biya na gwajin jini, tun ba a rubuta mana ƙwaya ko ɗaya ba, kuma ba wanda ke cewa an cuce shi. In gwaji ya nuna ba taifot ba ce, ba ma neman a dawo mana da kuɗinmu, don sanin abin da ba shi ba ne ma ci gaba ne. Mota mai ciwon da ke zuwa yana tafiya ita ce ta fi kowace buƙatar irin wannan haƙuri, saboda a lokacin da take gaban mai gyara, yawanci lafiyarta ƙalau.

Injin fetur ba ya neman abu mai yawa: iska, mai, tartsatsin wuta a daidai lokacinsa, da hanyar da hayaƙi zai fita. Ana haɗa iska da mai bisa ma'auni, wajen kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na fetur idan aka auna nauyinsu. Duk shaƙewar da mota za ta yi, ɗaya daga cikin waɗannan ne ya gaza na ɗan lokaci. Abin da ya kamata a bi shi ne lokacin, domin kowace cuta da sa'ar da take fitowa. Wayar fulogi da ta tsage ta fi nuna kanta da damina, da sassafe ko bayan an ratsa ruwa, sannan ta lafa idan injin ya bushe. Koyil ko sensar da ke ƙirga juyawar injin, idan sun fara mutuwa, sai sun ɗauki zafi suke yankewa, ka tsaya minti goma su huce motar ta tashi. Matacin iska da ƙurar hunturu ta cike, ko matacin mai da ya toshe, ba sa hana mota silo, sai ka nemi ƙarfi a hawa ko wajen wuce wata motar za ka ji babu. Idan ciwon ya fi tashi lokacin da mai ya yi ƙasa a tanki, ko a kwana mai kaifi, hankali ya koma kan famfo da ragar da ke bakinsa. Wanda gargada ke tayarwa kuwa, a nemi waya ko soket da ya saki. Indomin da ya toshe yakan danne mota kusan kullum, tana ƙara nauyi kana ƙara wuta. Ba kasafai yake yin kwana huɗu yana hutu ba.

Wa ya san waɗannan lokuta? Ba bakanike ba, shi minti goma ya yi da motar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma mu me muke kai wa gareji? “Tana jakin.” Shi ke nan bayanin. Ni ma haka na yi wata uku, sai da wani dattijo ya zaunar da ni.

Wani maƙwabcina direban tasha ne ya kwatanta mini shi, can wajen Kakuri. Mutum ne da furfura ta gama cin kansa, ya ce mini ya fara riƙe sifana tun zamanin da kamfanin Peugeot na Kakuri, wanda ya fara harhaɗa motoci a 1975, ke fitar da 504 tana cika titunan ƙasar nan. A lokacin kafireto, in ji shi, kunne da hanci da sukudireba sun ishe ka. Da motoci masu nozul suka shigo, da yawa cikin sa'o'insa suka tsaya a inda suke, shi kuwa ya sayi mita da agogon auna ƙarfin mai ya koma ɗalibi. Bai ko buɗe bonet ba ranar farko. Ya nuna mini benci.

“Malam, da safe take yi ko da rana?”

“Baba, ta fi yi da yamma idan ina komawa gida.”

“Bayan minti nawa da tayarwa?”

Na yi shiru, don ban taɓa lura ba.

“Tanki cike ko ya yi ƙasa? Da na'urar sanyi a kunne ko a kashe? A kwalta mai kyau ko a gargada? Idan ta yi, allurar juyin injin faɗuwa take yi tim, ko a hankali take sauka?”

Ko ɗaya ban iya amsawa da tabbaci ba. Ya ce in tafi, in sa takarda da biro a motar, in dawo bayan mako guda, kada in bar kowa ya cire kan batir ko ya goge mini komai. Raina bai so ba, don na zo ne a gyara. Amma na yi. Da mako ya cika takardar ta faɗi abin da bakina ya kasa: ba ta taɓa yi kafin minti ashirin da biyar da tayarwa ba, tanki cike ko rabi duk ɗaya ne, ta fi yi idan na nemi ƙarfi, sau uku cikin biyar kuma bayan na fito daga wurin da hanya ta farfashe ne. Allurar kuwa ba ta faɗuwa lokaci guda, sauka take yi kamar mai jin yunwa.

Baba ya karanta ya ce wannan ta ƙarshen ta rage masa zargin wuta, domin idan tartsatsi ne ya ɗauke gaba ɗaya, yankewa injin ke yi kamar an kashe makulli. Ya haɗa agogonsa a bakin matacin mai, ya zaro doguwar tiyo ya manna agogon a jikin gilashin gaba yadda za mu riƙa ganinsa daga ciki, ya shiga gefena ya ce in ja. Irin wannan injin yana son ƙarfin mai tsakanin 44 da 50 a ma'aunin PSI, kuma allurar ta tsaya cak a nan har muka wuce Gonin Gora, muka wuce Kakau, muka juyo. Ya ce in ƙara zagaye. Mun haura rabin awa, na faɗa wani rami na fito na taka totur, sai ga allurar ta zube zuwa wajen 30, motar ta yi tarin nata. Ban taɓa jin daɗin ganin motata ta shaƙe ba sai ranar, don a karon farko ta yi a gaban shaida.

Muka gangara gefen hanya, injin na aiki. Da wani ne, nan take zai ce sabon famfon jabu ne, a sake sayo wani, kuma da na yarda, tunda jabun ya cika kasuwa. Baba ya ɗaga kujerar baya, ya buɗe murfin da ke saman tanki, ya sa mita a wayar da ke kawo wuta: kusan bolt 14, daidai. Sannan ya ɗora yatsa a kan soket ɗin da ke shiga kan tankin, ya janye da sauri. Ya ce in taɓa. Zafi rau. Ya ɗan girgiza shi, allurar agogon ta yi tsalle ta koma 47, ya sake shi ta sauko. Da ya zare soket ɗin, ɗaya daga cikin haƙoransa ya yi baƙi, robar da ke kewaye da shi ta narke ta yi ruwan ƙasa. Wuta na isowa bakin ƙofa, amma ba ta ƙetarewa duka. Haƙorin ya saki, sakin na haifar da zafi, zafin na ƙara sakin, har famfo ya rasa ƙarfin da zai tura mai lokacin da injin ya fi nema. Ya kuma warware mini abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai: makon da na samu sauƙi bayan canja famfo, cirewa da mayar da soket ɗin ne ya kankare dattin haƙorin na ɗan lokaci. Tsohon famfona da aka jefar, mai yiwuwa lafiyarsa ƙalau.

Har yanzu idan na tuna cewa wannan zafin a saman tankin fetur yake, a ƙarƙashin kujerar da 'ya'yana ke zama, sai jikina ya yi sanyi.

Mai kwamfutar fa, ƙarya na'urarsa ta yi? Ko kaɗan. Tun daga ƙirar 1996 dokar Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a can tsarin da ake kira OBD-II, mai soket ɗin nan mai rami 16 a ƙarƙashin sitiyari, Turai kuma ta bi sahu a motocin fetur daga 2001. Saboda haka yawancin tsofaffin motocin da muke hawa suna iya magana. Lambar P0171 ma'anarta iska ta fi mai yawa a cikin haɗin. Sensar oksijin ita ce ta kawo rahoton, kuma gaskiya ta faɗa: mai ba ya isa. Sai muka kama ɗan aike muka hukunta. Irin wannan motar ba ta da abin da ke auna ƙarfin mai ya sanar da kwamfutarta, don haka ba wata lamba da za ta fito ta ce maka soket ɗin famfo ya ƙone. Lamba unguwa take nuna maka, gidan kai za ka nema da ƙafarka. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne gogewar. Lokacin da kwamfutar mota ta ajiye lamba, takan ajiye har da yanayin da abin ya faru: gudun motar, zafin injin, nauyin da yake ɗauke da shi a wannan daƙiƙar. Ga ciwon da ba ya tsayawa a gan shi, wannan ita ce shaida mafi tsada, kuma ita ake fara sharewa don fitilar cek ta mutu mai mota ya ji an yi masa aiki. Kada ka yarda a goge kafin ka ɗauki hoton allon da wayarka. Idan kuwa ka kunna makulli ba ka ga fitilar cek ta kama tare da sauran ba, to ko dai ƙwanta ya ƙone, ko wani ya cire shi kafin a sayar maka da motar.

Maganar indomi ma a yi hattara. A cikinsa akwai ƙarafa masu daraja irin su filatinam da faladiyam, kuma masu sayensa na nan suna jira, don haka shawarar a fasa shi ba kullum take fitowa don Allah ba. Ana iya gwada shi ba tare da an fasa ba: a kwance sensar da ke gabansa na ɗan lokaci hayaƙi ya samu wata kafar, in motar ta buɗe, sai a yi magana. Haka al'adar nan ta cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye wai don ƙasarmu da zafi. Injin da ba ya kai zafin da aka ƙera shi a kai, kwamfutarsa na ci gaba da zuba masa mai kamar yanzu aka tayar da shi, fulogi ya yi baƙi, mai ya ƙone a banza, kuma an ƙara wa mai bincike wata cutar a kan wadda yake nema.

Ba na musun cewa wani lokaci man ne da kansa. Ba mu manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Antwerp ta Beljiyam, motoci suka lalace, layi ya dawo gidajen mai. Tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta wuce dubu, yawancinmu mun koma sayen lita biyar, lita bakwai, fitilar mai na kunne kullum. Famfon da ke cikin tanki da man yake samun sanyi, kuma man 'yan bumburutu da ke kwana a jarka ba a rasa shi da ruwa ko datti. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai “mai ne mara kyau” ta zama mafakar duk wanda bai gano komai ba. Gwajinsa ba wuya: a tsiyayo kaɗan a kwalba mai haske a ajiye, ruwa zai kwanta a ƙasa, datti zai nuna kansa. In ba a ga komai ba kuma ciwon ya ci gaba bayan an sha mai a wani gidan, a bar wa mai sunansa a nemi gaba.

Na san abin da makanikai za su ce, kuma suna da hujja. Za su ce: ka gano wa mutum ciwo, ya ce zai je ya dawo, ya zarce wajen yaron da zai ɗaura masa da araha, kai ka tashi a tutar babu. Shi ya sa nake ganin gyaran ba na mutum ɗaya ba ne. Ƙungiyar makanikai ta NATA tana da rassa da shugabanni a Kaduna. Za ta iya tsayar da kuɗin bincike daban da kuɗin gyara, a san shi, a faɗe shi tun kafin a taɓa mota, ko an canja kaya ko ba a canja ba. Wanda ya karɓi wannan kuɗi kuma ya ɗauki nauyin maganarsa: ya nuna wa mai mota awon da ya yi, ya mayar masa da tsohon kayan da aka cire a hannunsa, in kuma abin da ya ce bai warkar ba, kada a sake cajin bincike. Hukumar NADDC da ke horar da makanikai, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da ke maƙwabtaka da kasuwar Panteka, su dubi yaran gareji da ke tasowa. Na'urar jonawa ta yi araha yanzu, har da wadda ake haɗawa da waya, kowa na iya saya. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda ya iya riƙe mita ya bi waya daga fis har famfo, ya san me lambar ke nufi da me ba ta nufi. Wata huɗu na koyon wannan zai canja rayuwar yaro fiye da shekara huɗu yana wanke nozul.

Masu mota kuma za su ce ina kuɗin yake, a wannan marra? Ni na yi lissafin nawa. Fulogi, wankin nozul, famfo, sensa, kuɗin jonawa, da man da na ƙona ina zarya tsakanin Kakau da garejin cikin gari: abin da na zubar ya ninka abin da Baba ya nema sau da yawa, ban da ranakun aiki da na rasa. Talaka ne ma ya fi buƙatar a auna kafin a saya, don shi ba shi da rarar da zai yi kuskure sau biyar.

Soket ɗin, yaron Baba aka aika Panteka ya yanko na wata Camry da ta yi hatsari, da guntun wayoyinsa. Baba ya ƙi murɗa waya ya naɗe da salatif yadda aka saba. Ya narka dalma ya haɗa, ya rufe, ya sake manna agogonsa a gilashi muka yi wata rabin awar a hanya, har da ramin nan na ɗazu, allurar ba ta motsa ba. Da muka dawo na tambaye shi nawa ne. Ya faɗi kuɗin soket, ya faɗi na haɗawa, sannan ya ɗan yi jim, ya kawar da kai kamar mai jin nauyi, ya ce, “Sai kuma na yawon da muka yi, Malam, in ka ga da hali.” Mutumin da ya fi shekara arba'in a sana'a, ya gano cikin yini ɗaya abin da ya gagari mutum biyar, yana jin kunyar neman haƙƙin iliminsa. Na ce, “Baba, wannan shi ne aikin ai,” na fara ƙirga masa shi kafin sauran.